Ranar da Zumuntar Mata Suka Yi wa Zabiyata Amshi

Ko na tsufa har haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da abin da bakina ya jawo mini a ajin Sande Sukul na cocinmu a Kafanchan ba. Ranar da na fara zuwa wasan da ake yi a wurin, abin da idona ya fara sauka a kai wani ɗan ludo ne shuɗi a cikin murfin gwangwanin madara. Ba irin wanda muka sani mai fuska shida ba. Wannan fuskarsa ashirin, kamar wani ya zauna ya fere alewa da reza. Na tsaya ina kallonsa har na manta ban gaida kowa ba.

"Shigo mana, ba ya cizo," in ji Yaya Ishaku.

Yaya Ishaku ɗan wan babana ne, yana jami'a, kuma shi ya kawo mana wannan wasa. Ga yadda yake: shi ne mai ba da labari, mu kuma kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya a takarda, ya ba shi suna da sana'a, ya raba masa maki tsakanin ƙarfi da wayo da kwarjini da sauransu. In mutuminka zai yi wani abu, sai ka jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Mu uku ne 'yan wasa. Bobai ɗan ajinmu ya zaɓi jarumi mai gatari (ba wanda ya yi mamaki). Rifkatu ƙawata ta zaɓi mai magani. Ni kuwa na zaɓi zabiya, wato mawaƙiya. Duk Asabar da yamma muke haɗuwa.

Da ƙyar Mama ta bar ni. "Duk abin da ake jefa ɗan ludo ƙanen caca ne," ta ce. "Je ki tunda Ishaku ne. Amma ranar da na ji abin da bai gamshe ni ba, kin gama." Ni kuwa ban da makaranta da coci ba ni da wani wurin zuwa, kuma teburin wasan nan ne kaɗai wurin da ake tsayawa a jira in yi magana.

Don ku gane, ni mai kunya ce ta bugawa a jarida. In malami ya tambaye ni a aji, muryata ba ta wuce bakin bencina. Mama kuwa ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, in ta ɗaga murya har masu keke a bakin titi suna ji. Mutane kan tambaye ni, "Ina kika bar muryar uwarki?" Sai in kalli yatsun ƙafata.

To me ya kai ni zaɓar zabiya? Lissafi. Na ari littafin dokokin wasan na kwana biyu ina karantawa, sai na lura kowa ya raina mawaƙi, ana ganin aikinsa ƙarfafa wa jarumai gwiwa kawai. Amma akwai 'yan ƙananan abubuwa a warwatse waɗanda in ka haɗa su, abin ba kyau. Akwai zambo, waƙar da ke yi wa abokin gaba rauni. Akwai wata baiwa da ke ninka raunin in an riga an kunyata shi sau ɗaya. Akwai kuma gurmi na musamman da ke ƙara maki a kan kowace waƙa. Na kwashe makina kaf na zuba a kwarjini, na bar mata ƙarfin da ko bokitin ruwa ba za ta iya saukewa ba. Na sa mata suna Kande Bakin Reza.

Yaya Ishaku ya duba takardar, ya duba ni, ya sake duba takardar. "Ƙanwata, wannan ba zabiya ba ce, bindiga ce."

Makonnin farko na ji daɗina. Sai in ce a hankali, "Kande ta yi masa zambo," in jefa, maƙiyi ya faɗi. Bobai yana ta sara da gatari yana gumi, ni ina gefe ina kashe mutane ba tare da na ɗaga kai ba. Har ya fara ƙorafi.

"Abeg, Yaya, wannan cuta ne. Mawaƙiya wanda ba ya waƙa?"

Sai Yaya Ishaku ya kawo sabuwar doka: duk ranar da na rera zambon da bakina, zai ƙara mini ɗan ludo guda. Na ce a raina, ya riƙe abinsa.

Sai ga Asabar ɗin da ta zo kafin Lahadin godiyar kaka. Matan zumunta suna cikin coci suna gwajin waƙa, bango ɗaya ne tsakaninmu da su, muna jin bugun tulu da kacau-kacau. A labarinmu kuwa, wani ƙato ya kwashe cittar gari duka ya tare gadar jirgi. Ƙaton nan ya buge jarumin Bobai ya kwanta. Maganin Rifkatu ya ƙare. Saura Kande, wadda in ƙaton ya yi atishawa ma ta mutu. Yaya Ishaku ya ce in muka faɗi, labarin ya ƙare, kowa ya yaga takardarsa.

Na yi lissafi a bayan hannuna. Ko na jefa mafi kyau, ba zai isa ba. Sai da ƙarin ɗan ludon nan.

"Ki rera mana, don Allah," Rifkatu ta ce tana jan hannun rigata. "Mu kaɗai ne a nan."

Matsala ta farko, ban san karin kowace waƙa da kyau ba sai na Mama, waɗanda nake ji kullum ina wanke-wanke. Wadda ta zo mini ita ce ta godiyar kaka, inda mai ba da waƙa ke jero alherin Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, mata suna amsawa, "Haka ne, mun shaida." Matsala ta biyu, Yaya Ishaku bai taɓa gaya mana kamannin ƙaton ba, ya ce dai ƙato ne. Ba a zagin abin da ba a gani ba. Sai kaina ya je ya ɗauko mini abin da ya daɗe yana ajiyewa. (Mai shiru a coci ba barci take ba, kallo take.)

Na rufe ido na fara.

"Ga ƙato mai wando har hammata..."

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta Mama ce. Ni kaina na tsorata. Kafin in ja numfashi, daga bayan bango mata suka ɗauka gaba ɗaya, da tulu da komai:

"Haka ne, mun shaida!"

Karin kawai suka ji, suka zaci wata a cikinsu ce ta tayar. Matan zumunta kuwa ba sa barin waƙa ta faɗi ƙasa. Ya kamata in tsaya a nan. Amma ban taɓa jin mutane da yawa haka sun amsa mini ba, wani abu ya hau mini kai.

"Takalminsa na kuka tun kafin ya iso..."

"Haka ne, mun shaida!"

"Biro uku a aljihu, ba mai rubutu..."

Amshin ya ragu. Tulu ya yi shiru. Ni ban lura ba, na riga na manta da gada da citta, ina tafe kamar keken da birkinsa ya tsinke.

"Yana goge tabarau da labulen coci, in an ce a rufe ido a yi addu'a sai minshari..."

Murya ɗaya ce ta amsa, a hankali, daga bakin ƙofarmu.

"Haka ne, 'yata. Mun shaida."

Na buɗe ido. Mama Saratu ce, rungume da tulunta. Matar Dattijo Yohanna, dattijon ikilisiyarmu, mai wando har hammata, mai biro uku. A bayanta mata sun cika ƙofa da taga, wasu sun toshe baki da bakin zane, kafaɗunsu na rawa. Bobai ya sunkuyo ya raɗa mini, "Mamanki ya zo," kamar ni makauniya ce.

Da ƙasa tana da ƙofa, da na shige na ja ta.

Mama ta ratso ta tsaya a kaina. "Wa ya koya miki zagin manya da waƙar Ubangiji?"

"Ƙato nake zagi, Mama."

"Wane ƙato? Ƙaton yana zuwa cocinmu? Yana da biro?"

Wata a taga ta kasa riƙewa, ta fashe. Shi ke nan, sauran suka bi. Yaya Ishaku yana ƙoƙarin tura 'ya'yan ludo ƙarƙashin takarda da gwiwar hannu. Ni na san wasa ya ƙare mini, hawaye har sun fara taruwa.

"Maman Dogara, bar yarinya," in ji Mama Saratu tana share ido. (Dogara yayana ne.) "Tun muna amarya da ango nake gaya masa ya sauke wandon nan. Ni dai tambayata, ina aka ɓoye wannan murya muna ta fama da rashin mai ba da baiti na biyu?"

Mama ta ƙare mini kallo. Na san kallon, irin wanda take yi wa doya a kasuwa ne kafin ta taya.

"Bakin da ya iya zagi ya iya yabo," ta ce. "Gobe ke za ki ba da baiti na biyu. Da kalmominsa na gaskiya. In kin yi, ki ci gaba da wasanki. In kin noƙe, kin san sauran."

Sai Yaya Ishaku ya yi gyaran murya. "To... Mama, a jefa?"

"Jefa mu ga ƙaton," in ji Mama Saratu.

Na jefa, har da ƙarin da na saya da mutuncina. Ƙato ya faɗi daga kan gada. Matan zumunta suka yi guɗa, ba tare da sun san me aka ci ba.

Washegari na tsaya gaban ikilisiya, tsakanin buhunan masara da damin citta da aka kawo baiko ga Ubangiji. Dattijo Yohanna yana layin gaba. Na kafa idona a agogon bango na ba da baitina daidai, amma duk sanda mata suka ce "mun shaida" sai in ji muryoyinsu suna rawa don danne dariya. Bayan an tashi ya tare ni a bakin ƙofa (na ji takalmin kafin in gan shi), ya dafa kaina ya ce, "Yarinya, Allah ya ba ki baiwa. Ki yi ta amfani da ita." Na durƙusa na ce amin. Har yau ban sani ba ko an gaya masa, kuma ba ni da niyyar tambaya.

Abin da na koya shi ne, in za ka ƙera makami mai ƙarfi, ka fara duba wa ke bayan bango. Kuma ƙaton da ba a gaya maka kamanninsa ba, bar shi ba fuska, kada ka ara masa ta maƙwabci.

Yanzu ina waƙa ranar Lahadi, ina wasa ranar Asabar, Kande kuma tana nan da ranta. Amma Asabar ɗin da ta biyo baya, kafin a fara, na matsa kusa da Yaya Ishaku na miƙa masa takardata.

"Yaya, don Allah a karɓi gurmin nan a ba ta sarewa. Mai busa sarewa bakinsa a cike yake."