Bidiyon Sunan da Na Kai wa Inna Tibiri

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, wadda na tara mutane a tsakar gidan Inna a Tibiri, na zaunar da su tun hantsi har la'asar suna kallon wani ɗan zagaye a fuskar salula. Ko ni na so in manta, ƴan gidanmu ba za su bari ba.

Ni tela ne a unguwar Zariya nan Maraɗi. Karatuna a aji shida ya tsaya, kuma Allah ya yi ni da yawan fargaba (ni ne mai komawa sau uku ya jijjiga kwaɗon shago bayan ya kulle). Wannan halin ya sa tun ina saurayi ƴan ci-rani ke ba ni amanar saƙo. A zamanin kaset, in wani ya aiko muryarsa daga Abijan ko Kwatano, ni ake miƙa wa in kai Tibiri a naɗe cikin takarda, kuma ban taɓa sawa a rediyo ba kafin mai shi ya ji. A shimfiɗa tabarma, a danna, gida ya yi tsit. Har yanzu ina kewar irin wannan zaman.

Ƙanena Sani ya yi shekara shida a Abijan bai leƙo gida ba. Amaryarsa Rabi ma kai masa ita aka yi daga Tibiri. Da ta haifi namiji aka yi suna, sai Sani ya kira ni ya ce mai ɗaukar hoto ya yi bidiyo na kusan awa guda, amma yana da nauyi ƙwarai, za a matse shi a turo ƙarami don Inna ta ga jikanta. Na ce ban yarda ba. Idon Inna ya yi rauni, in an matse hoton ya dushe me za ta gani? Kuma wa ya san abin da za a zubar wajen matsewar? Wataƙila addu'ar liman ce za ta tafi.

"Yaya, zai daɗe fa kafin ya sauka," in ji Sani.

Na ce ya daɗe. Bawan Allah sai da ya wuni a wani siber, shagon intanet, kafin abin ya tashi daga can.

Ranar Alhamis saƙon ya iso: baƙin akwati da ƴar kibiya a tsakiya, a ƙasa an rubuta mega ɗari bakwai da wani abu. Na sayi forfe babba na intanet. Maƙwabcin shagona mai gyaran salula ya ce in danna kibiyar nan take, tunda a Maraɗi rezo, wato sabis ɗin waya, na da ƙarfi. Na ƙi. A ganina danna kibiyar nan daidai yake da yage takardar da aka naɗe kaset. Ya yi ta bayani cewa saukewa daban, kallo daban. Na tambaye shi, in abin ya buɗe da kansa na ga fuskar yaro kafin kakarsa fa? Ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Ban tsaya nan ba. Na aika aka gaya wa dangi cewa ran Lahadi da hantsi za a kalli sunan ɗan Sani a gidan Inna. Kawu Idi, ƙanen Inna, ya bar ban-ruwan zogalensa a Jiratawa ya hau kabu-kabu ya zo. Maƙwabta suka shigo, har da tsofaffi biyu abokan marigayi babanmu. Baraka, matar ɗan Kawu da ke zaune tare da Inna, ta dama fura cike da ƙwarya. Inna ta sa sabon zane ta zauna a tsakiyar tabarma.

Na yi ɗan jawabi (Allah ya yafe mini, har jawabi na yi) cewa kwana uku saƙon nan yana aljihuna ban taɓa shi ba. Tsofaffi suka ce madalla da amana. Na yi bisimilla na danna kibiya.

Zagaye ya fito, da ɗan koren tabo a kansa kamar ƙwayar gero. Muka zuba masa ido. Bayan an shanye fura na duba, mega tara suka sauka. Na yi lissafi a zuci, na ga ko dare ya yi ba zai gama ba. Na ce wa jama'a yanzun nan zai ƙare.

Da aka kira azahar bai kai rubu'i ba. Na bar salular a kan turmi muka tafi masallaci, kuma ina tuba, rabin hankalina na kan turmin nan. Muna dawowa na tarar ya tsaya cik, sai an sake dannawa. Daga nan na fara yawo da ita. Na je bakin zaure, na je gindin dalbejiya, na taka amalanke na ɗaga hannu sama kamar mai kiran ungulu. Kawu Idi ya ce in ɗan ƙara ɗagawa ko Abijan ɗin za ta hango ni. Wani tsoho ya ce a zamaninsu da tuni direban mota ya kawo kaset an ji an watse, shi kuma ya kishingiɗa ya yi barcinsa.

Inna kuwa ko motsi ba ta yi ba. Tana zaune tana jan carbi, lokaci lokaci ta ce a yi haƙuri, abin nesa ne. Haƙurin nan nata ya fi komai ci mini rai. Tsohuwa ta shekara shida ba ta ga ɗanta ba, ga shi cikin tafin hannuna, na kasa miƙa mata.

Dab da la'asar, zagayen ya ɗan wuce rabi, salula ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu. Batir ya ƙare.

Na sauko daga amalanke, na durƙusa gaban Inna. Na ce ta yafe mini, laifina ne, yanzu zan koma Maraɗi in yi caji in sauke, gobe da sassafe in dawo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai ta ɗan kau da kai ta ce:

"Kai, tashi haka nan. Yaron lafiyarsa lau, ƙato da shi. Kunnuwan ma na babanku ne sak."

Kawu Idi ne ya fara magana, a hankali: "Yaya, a ina kika ga kunnuwan?"

Baraka ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ashe tun ran Laraba Rabi, wadda ƙawarta ce tun suna ƴan mata, ta turo mata wanda aka matse, minti huɗu, mega goma sha wani abu. Kafin ta gama tankaɗe ya sauka. Inna ta kalla sau biyar. Duk matan da ke kan tabarmar nan sun kalla. Da suka ji na aiko a taru, Inna ta gargaɗe su kada wadda ta kuskura ta faɗa, tunda na ɗauko abin da zuciya ɗaya.

Dariyar da aka yi har ta tada tsohon nan daga barci. Baraka ta ɗauko salularta mai fasasshen gilashi, mu maza muka haɗa kai a kanta. Hoton dishi-dishi, fuskar Sani kamar an shafa mata man shanu, amma muryarsa ce, ga jariri a hannunsa. Inna ta leƙo karo na shida tana cewa a matsa mata ta ga angonta. Kawu Idi ya share ido ya ce kunnuwan kam babu musu.

Babban bidiyon na ƙarasa sauke shi a shago bayan kwana biyu. Minti ashirin na farko kujeru ake jerawa, sai rago ɗaure yana tuƙa, tar da shi, ana iya ƙirga gashinsa.

Inna ta rasu shekara biyu bayan nan, Allah ya jiƙanta. In na tuna ta, a kan tabarmar nan nake ganinta da sabon zane, ta wuni tana jiran abin da ta riga ta gani don kada ɗanta ya ji kunya. Ni dai na koyi nawa: in an ce za a matse abu a turo, cewa nake a matse. Kuma kafin in tara jama'a a kan wani sabon labari, sai na fara tambayar matan gida ko ya riga ni isowa.