Gwiwoyin Gajere

"Lafiya lau muka yini, sai kunnena da ka kusa kashewa. Maigidan nawa, wace aradu ka shigo min da ita gida?"

Gajere na bisa babur, yana ta laluben ƙasa da yatsun ƙafa. Babur ɗin tsere ya sayo na hannu, ja wur, wanda mai shi na farko ya sauya wa salansa, ya ɗaga masa baya, ya cire kujerar goyo. Babansa kuwa ya riga ya yanke magana: in Kaka ta ce a'a, gobe babur ya koma inda ya fito. Ga kakar tasa tsaye a ƙofar ɗakin ɗinkinta, tef rataye a wuya.

"Ba aradu ba ce, tsohuwa. Jirgi ne aka cire wa fukafukai."

"To direban jirgi, sauko mana. Ko in miƙo maka tsani?"

"Ke dai riƙe haƙorin nan naki ɗaya, kar in murza ya faɗo."

Ta matso tana harararsa, amma da ta zo gab da babur sai harara ta koma kallo. Ta zagaya shi a hankali, ta shafa tanki, ta ga fuskarta a jiki. Ta durƙusa ta auna faɗin tayar baya da tef, ta sake aunawa.

"Tubarkalla! Wannan taya ai ta kai bakin turmi. Ɗan Adam ne ya ƙera wannan?"

"Ɗan Adam ne, kuma mijinki ya saya."

"To ni matar ina zan zauna?"

"Masu tsere ba sa ɗaukar kaya."

"Ni ce kayan? Ɗan ƙwal da kai, da na goya ka kana min fitsari a zane ban kira ka kaya ba." Ta miƙe tana dafe gwiwa. "Wai yaron nan mai lamba bakwai da ka nuna min a waya, mai kwanciya a kwana har gwiwarsa na sharar ƙasa, tun faɗuwar nan da ya yi, ya tashi?"

"Au, ba kin ce ba kya kallo ba?"

"Da ido ɗaya nake kallo. Wallahi ban taɓa ganin abin mamaki irinsa ba. Ya tashi, na ce?"

Gajere ya so ya yi ƙarya, ya kasa.

"Yana asibiti. An ce bana dai ya gama tsere."

Kaka ta juya ta shige ɗaki. Gajere ya shafa tankin kamar mai sallama.

Sai ga ta da wandonsa da ya ɓata tun ranar da ya fara zancen babur. Ta ɗinka masa fata mai kauri a kowace gwiwa.

"Ashe ke ce ɓarauniyar!"

"Karɓi, marar kunya. Je ka ce wa ubanka na yarda." Ta yi dariya, amma ba ta saki wandon ba. "Kullum ka dawo zan duba fatar nan. Ranar da na ga ƙwarzane ko ɗaya, da hannuna zan tura babur ɗin nan waje."

"In na tsufa babu ƙwarzane fa?"

"Sai in sake ɗaura aure da kai."