Turken Wayifai a Ƙofar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zagi kaina da bakina a gaban surukina, har ina haɗawa da rantsuwa.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin da aka ɗora wa aikin kafa intanet ta kyauta a unguwannin Kaduna, wato wayifai ɗin nan da za ka tsaya kusa da turke wayarka ta kama ba ko sisi. Aikina in zagaya in dubo wuraren da suka dace, kamar tasha da bakin kasuwa. A lokacin kuma ina neman auren Asma'u, 'yar wani Alhaji a Unguwar Sarki, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ko tari ka yi a ƙofar gidansa sai ya leƙo ya ga waye.

Asma'u kullum kukanta data ta ƙare. Ni kuwa sarkin iyayi, da aka zo kan turken unguwarsu, wanda ya kamata a kafa a bakin filin ƙwallo, sai na ɗan ja shi a taswira ya dawo jikin katangar gidansu. Oga ya tambayi dalili, na ce nan ne zai fi kamawa. (Ban auna komai ba. Burgewa kawai nake nema.)

Abin da ban lissafa ba shi ne samari. Ba a jima ba labari ya kai har Unguwar Dosa da Unguwar Kanawa. Da an yi la'asar sai ka ga babura jere, dakalin Alhaji ya cika, wasu sun jingina da katanga, kowa ya duƙa kan waya yana murmushi. To a garin nan, saurayi ya sha wanka ya tsaya ƙofar gidan budurwa yana murmushi, ai kowa ya san zance ya zo. Nan da nan matan layin suka ɗauka: 'yar Alhaji ta zama mai tara samari. Asma'u ta kira ni tana kuka, ta ce, "Wallahi kada ka kuskura Baba ya ji kai ne. In ya ji, maganar auren nan ta mutu."

Na yi alkawari. Sai dai na manta ban ja kunnen Nuhu ba, abokina kuma abokin aikina, wanda zai raka ni gaisuwa wajen Alhaji.

Ranar da muka je, babura sun tare ko'ina, Nuhu ya ce in shiga shi zai nemi inda zai ajiye mota. Na shiga falo na durƙusa, kaina a ƙasa. Ko gama amsa gaisuwa Alhaji bai yi ba ya nuna taga.

"Ka ga abin da aka mayar mini da ƙofar gida? An ce a ofishin masu turken nan kake. Wane marar tunani ne ya kafa mini wannan abu a nan?"

Da na yi shiru da an wuce wajen, tunda an san suruki da kunya. Amma ina! Bakina ya ƙi.

"Wallahi Baba, rashin tarbiyya ne kawai. Irinsu ne ke ɓata mana aiki. Ni da kaina zan binciko shi."

Alhaji ya gyaɗa kai, har na ga alamar na fara shiga ransa. Daidai nan Nuhu ya yi sallama. Shi a saninsa aikin ɗan rakiya shi ne ya koɗa abokinsa, don haka yana gama gaisuwa ya gyara zama.

"Baba, ai kun yi dacen suruki. Wannan turken na waje, filin ƙwallo aka so kai shi. Surukin nan naku ne ya tsaya kai da fata sai da aka kawo muku har ƙofar gida!"

Na ƙura wa darduma ido kamar ni na saƙa ta. Daga cikin gida na jiyo wani abu ya faɗi, daga baya na ji faranti ne a hannun Asma'u.

Alhaji ya dube ni ya ce, "To madalla, bincike ya zo da sauƙi. Ranar da turken nan ya bar katangata, ka turo magabatanka. Kafin nan kada in ga ƙafarka."

Kafa turke ashe wasa ne, cire shi ne aiki. Sai da na tsaya gaban oga da kwamiti na warware ƙaryata da bakina, suna ta dariya, kafin aka mayar da shi filin ƙwallo. An yi auren, alhamdu lillahi.

Sai bayan biki na gano Alhaji ma ya saba sauraron karatun malamai da wayifai ɗin daga falonsa. Yanzu duk zuwanmu gaisuwa sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kai da ka ɗauke mana, sa mini data."

Tun daga nan na kama kaina. In za ka burge surukai, kai musu goro da turare kamar kowa, ka bar turken gwamnati inda aka ce a kafa shi.