Ranar da Gwaggo Marka Ta Je Zaɓen Anko

A dangin su Gwaggo Marka, shekara ashirin da ɗoriya, ba a taɓa fitar da ankon biki ba sai da sa hannunta. Ita atamfa ba ta yi mata ƙarya. Sauran mata da ido suke duba zani su wuce. Gwaggo kuwa da ido take farawa, ta bi da hannu, ta sa hanci, sannan ta ƙare da harshe. In ta lashi gefen turmi ta ɗaga kai sama ta yi shiru, har mai shago sai ya daina numfashi.

Da bikin Hansatu 'yar ƙaninta ya taso, sai 'yan matan gidan suka fara ƙananan maganganu. Wai yanzu a waya ake zaɓen anko, a turo hoto a ce ga wannan, shi ke nan. Wai Gwaggo tana ba mutane kunya a kasuwa da lashe-lashe. Lantana, uwar amarya, ta rasa bayan wa za ta bi. A ƙarshe ta ce za ta raka Gwaggo kasuwa ta gani da idonta. In ta gamsu, zaɓe na Gwaggo ne kamar kullum. In ba ta gamsu ba, a bar wa masu waya.

Gwaggo dai ta zuba farin hankici, da ashana, da ruwan leda ɗaya a jaka, ta yafa mayafinta.

Shagon da suka shiga na wani Alhaji Ilu ne, dogo, mai magana kamar ba ya so. Shagon siriri ne kamar lungu, atamfofi a rataye tun daga sama har ƙasa, wata kan wata, ba ka ganin bango. Aka gaisa, aka tambayi kasuwa. Ya sauko da turmi na farko, kore mai zanen ganye.

"Wannan sabon fitowa ne, Hajiya. Jiya aka kwance shi."

Gwaggo ta damƙi gefensa ta murza, ta saki, ta karkaɗe hannu.

"Lantana, kin ga farin garin nan? Sitaci ne. Shi ke riƙe da zanin. Ranar da ya shiga ruwa, sitacin ya tafi, abin da zai rage miki ko tace koko ba zai yi ba."

"To, Yaya," in ji Lantana.

Aka sauko da na biyu, ja. Gwaggo ta fasa ruwan leda da haƙori, ta jiƙa hankici, ta goga a kan zanen. Ta ɗaga hankicin ta nuna wa Lantana, ta nuna wa Alhaji Ilu, ta nuna wa wata mata da ke wucewa wadda ba ruwanta.

"Zuba yake. Mata hamsin su sa wannan su yi rawa su yi gumi, a tashi biki kowa kamar an yanka rago a jikinta."

Na uku ta zare masa zare ɗaya daga baki, ta ƙyasta ashana.

"Hajiya, kasuwa ce fa," in ji Alhaji Ilu, ba tare da ya motsa ba.

"Na sani, ai ban ce a masallaci nake ba."

Zaren ya narke ya dunƙule ya yi baƙi. Ta miƙa wa Lantana ta shinshina.

"Auduga toka take yi. Wannan roba ce. Ki sa shi ki je kusa da murhu, sai dai a ɓamɓare ki."

Lantana ta fara gyaɗa kai da gaske. Har ta ce, "Ikon Allah, Yaya, duk wannan ai ba a gani a hoto." Gwaggo ta ji daɗin wannan magana har cikin ranta, amma fuskarta ba ta nuna ba. Ta san saura ƙiris. Misali ɗaya take so mai ƙarfi, wanda Lantana za ta je gida ta maimaita wa masu waya.

Sai idonta ya faɗa kan wani shuɗi a can ƙuryar shago, gefensa ya leƙo daga tsakanin ratayayyun atamfofi. Tun daga nesa ta ga ya ɗan yi sanyin launi. Ta taka ta kamo shi.

"Yauwa. Zo ki ga na ƙarshen lalacewa."

"Hajiya..." in ji Alhaji Ilu.

"Alhaji, kar ka ce min komai. Kowa yabon kayansa yake yi."

Alhaji Ilu ya harɗe hannu.

Gwaggo ta murza. Ta ja da hannu biyu. Ta ɗaga shi saitin haske ta ƙanƙance ido. Ta kai hanci ta ja numfashi, ta ce har warin ajiya yake yi. Sannan ta gyara tsayuwa, ta lasa, ta ɗaga kai sama. Lantana ta riƙe baki tana jira.

"Ko sayar da shi ba a yi ba ya fara koɗewa. Ji laushi kamar tsumma. Wannan, Lantana, wanki biyu ne. Na farko ya yi sallama, na biyu a kai shi goge-goge."

Sai zanin ya motsa.

Atamfofin da ke rataye suka dare, wata 'yar tsohuwa ta leƙo, ƙarama, a zaune kan benci. Ashe tun ɗazu tana nan a bayansu tana hutar da ƙafa. Rabin shuɗin zanin yana yafe a kafaɗarta, rabin yana hannun Gwaggo, ga shaidar yawu a jiki.

"Abin da nake so in faɗa ke nan," in ji Alhaji Ilu.

Lantana ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ta gani ta gefen ido. Ta san in ta ja da baya yanzu, kafin la'asar labari ya zaga dangi, anko kuma ya koma waya har abada. Don haka ba ta saki zanin ba. Ta dai ɗan rage riƙo.

"Sannu, Iya. Ba da ke nake ba, da zanin nake. Gaskiya ce dai ba ta da daɗi, an cuce ki. Ba mai ƙarko ba ne."

Tsohuwar ta dubi wurin da aka lasa, ta dubi Gwaggo, a natse.

"Wanki nawa kika ce, 'yar nan?"

"Biyu. In an lallaɓa shi, uku."

Tsohuwar ta zare zaninta a hankali, ta goge wurin da tafin hannu, ta mayar kafaɗa.

"Shekara talatin yana hannuna. Kafin ke, mutum uku ne suka faɗi haka: uwar mijina, da telan da ya kalmashe min bakinsa, da wata maƙwabciyata. Da shi na je gaisuwar mutuwar kowannensu."

Ta gyara zama, ta ƙara duban Gwaggo sama da ƙasa.

"Ke a wace unguwa kike?"