Katin Nura na Ashirin

Ba zan taɓa mantawa ba, ina tsugune a wani lungu na kasuwar Ataba, a nan ƙasar Misirawa, ina naɗa salatif a jikin kwalin kayan wata Hajiya 'yar Kano, sai wayata ta yi ƙara. Lambar ƙanena Nura ce, amma muryar ba tasa ba. Wani ne mai Hausa irin ta mutanen Sudan. Ya ce, "Yaya, ni ne Usman, abokin Nura. Ka samu wuri ka zauna tukuna." Na ce masa ai a zaune nake. Ya ce mota ta buge Nura a hanyarsa ta zuwa makaranta, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati. Sannan na ƙarasa naɗe kwalin, na rubuta sunan Hajiya a jikinsa. Har yau ban san abin da ya sa na ƙarasa ba.

Ba labarin rasuwar zan ba ku ba, wannan ban iya ba tukuna. Abin kunyar da na tafka bayan sati uku shi zan faɗa.

Sana'ata shirya kaya. 'Yan kasuwa su saro abaya da mayafai da takalma su jibge a gabana, ni kuma in ware: baƙi da baƙi, ja da ja, dozin-dozin, a ɗaure da roba, leda gefe, kaya gefe. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma idan na shirya kwali ko allura ba ta samun wurin shiga. (Ku riƙe wannan fahariyar, za ta yi muku amfani nan gaba.)

Ɗaki ɗaya muke kwana da Nura a unguwar Hadayek el-Maadi. Yana karatun injiniya, yana kuma da wani wasa na katuna masu hotunan dodanni da mayaƙa. Ni dai a wurina karta ce aka yi wa fenti.

"Kai da gemunka," nakan ce masa, "Inna tana can Funtuwa tana maka addu'a, kai kana nan kana karta?"

"Yaya, ba caca ba ce, lissafi ne. Ka zo ranar Juma'a ka gani da idonka."

"In na rasa aikin yi zan zo."

Ko sau ɗaya ban je ba.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, ɗakin ya yi mini faɗi. Hannuna ya saba da aiki, sai ya shiga neman abin taɓawa. A ƙarƙashin gadon Nura na jawo kwalayen takalmi uku cike da katuna, da wani ƙaramin akwati mai murfi. A cikin akwatin akwai katuna ashirin, kowanne a cikin koriyar ledarsa, amma su ma a cakuɗe, ja kusa da shuɗi, shuɗi kusa da ruwan ƙasa. Na ce a raina, kai dai Nura, har ka koma ga Allah ba ka koyi kintsa kaya ba.

Kwana uku na yi ina aikin. Na zare katunan nan ashirin daga ledojinsu, na zuba su cikin sauran, na ware duka bisa launin gefensu, na ɗaure dozin-dozin. Ledojin ma na haɗa su na ɗaure daban. Wallahi a lokacin gani nake hidimar ƙarshe nake wa ƙanena.

Ana nan sai Usman ya kira. Ya ce akwai gasa nan da sati biyu a shagon da suke wasa, Nura ya riga ya ba da sunansa. Abokansa suna so a shiga da dek ɗinsa, wato katunan da ya zaɓa ya haɗa don fafatawa, Usman ya buga a madadinsa.

"Don Allah, Yaya, ka kawo mana kayansa ranar Juma'a. Musamman ƙaramin akwatin nan."

"Kada ka damu," na ce, "duk na gyara muku."

Ya yi shiru a waya. Ni kuwa na ɗauka godiya ce ta hana shi magana.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗauki kayan na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari. Shagon yana Maadi, a saman wani mai sayar da ruwan rake. Na tafi da zaton zan tarar da hayaƙin shisha da hayaniyar 'yan caca. Abin da na tarar, dogayen tebura ne da mutum kusan talatin, maza da mata, wasu ma sun girme ni, kowa ya yi shiru kamar a ɗakin jarrabawa. Da Usman ya ce, "Ga yayan Nura," sai duk suka miƙe tsaye. Mai shagon, wani Bamisire Kirista mai suna Mina, ya rungume ni ya ce, "Al-baƙa'u lillah, ya ammu," ta'aziyyarsu ke nan, "ammu" kuma kawu. Ya nuna mini wata kujera kusa da taga da ba wanda ya zauna a kanta. Ban tambaya ba, na gane.

Usman ya ce kafin a buɗe kaya in fara ganin wasa ɗaya. Ya zaunar da ni bayan wata budurwa mai suna Rahila, 'yar Jos, mahaifinta yana aiki a ofishin jakadanci. Usman yana yi mini bayani a kunne. Ya ce akwai babban wasa mai katuna da yawa wanda ake daɗewa ana yi, amma su na gaggawa suke bugawa: kati ashirin, kuma da wuya a wuce minti goma. Saboda haka babu wurin ɗan rakiya, kowane kati sai da dalili. Ya ce dek masu ƙarfi a shagon iri uku ne. Akwai mai afka maka tun kafin ka gyara zama, irin na Rahila. Akwai mai ɗana tarko ya toshe ko'ina har ka gaji ka yi kuskure, irin na Mina. Akwai kuma mai laɓewa yana jiran katuna biyu ko uku su haɗu, da sun haɗu zance ya ƙare.

Na zuba ido. Rahila ta kalli katuna huɗu a hannunta, ta kalli fuskar abokin wasanta, ta ce masa da Larabci, "Kana riƙe da abu kaza, ko?" Mutumin ya dafe kai. Minti huɗu aka tashi. Ban fahimci ko rabin abin da ya faru ba, amma na san gwaninta idan na gan ta, ko a wace sana'a ce.

"Duk waɗannan da kake gani," in ji Usman, "Nura ya cinye su. Wata huɗu ba wanda ya doke dek ɗinsa. Ba ya cikin iri ukun nan, nasa ne shi kaɗai. Kuma bai taɓa rubuta abin da ke ciki ba, a ƙaramin akwatin nan kawai yake."

A nan ne na fara zargin akwai matsala. Amma girman kai ya ce mini ba komai.

"Yalla, ya ammu, buɗe mu gani," in ji Mina.

Aka kewaye ni. Ni kuma har da gyaran murya. (E, jawabi na yi. Allah Ya yafe mini.) Na ce Nura yaro ne mai hankali amma ba ya kintsa kaya, don haka na ɗauke musu wahala. Na shiga fito da ɗauri-ɗauri ina jerawa a tebur kamar ina baje haja a Ataba: ga ja, ga shuɗi, ga ruwan ƙasa. Na ajiye ƙaramin akwatin, wayam. A ƙarshe na ɗora ɗaurin korayen ledoji a sama, na ja da baya ina jiran sannu da aiki.

Ba wanda ya yi motsi. Har ƙarar injin rake ana ji daga ƙasa.

"Ya Rabbi," in ji Mina a hankali.

Rahila ta ɗaga ɗauri ɗaya da yatsa biyu. "Yaya, wannan ba robar da ake ɗaure alayyafo ba ce?"

"Sabuwa ce," na ce.

Usman ya ɗaga akwatin ya leƙa. "Yaya, ina dek ɗin?"

"Yana ciki."

"Cikin wanne?"

"Cikin... duka."

Katunan sun haura dubu biyu. Usman ya zauna kusa da ni, ya sassauta murya yadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, Yaya. Katunan nan kowa yana da irinsu. Haɗin ne na Nura."

Sai a lokacin na ga abin da na aikata. Abu ɗaya da ƙanena ya ƙera da kansa ya bari a duniya, ni da hannuna na wargaza shi cikin kwana uku, har ina masa faɗa a zuci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara tattara robobina, don ban san me zan yi da hannuna ba.

Rahila ce ta katse shirun. Ta ce, "Ni dai na san yana da katin dila mai fitila guda biyu. Da su ya fitar da ni watan jiya, har yana ce mini, 'Rahila, ki gaida gida.'"

Wani ya yi dariya, dariyar da ke kusa da kuka. Wani malamin makaranta mai furfura ya ce shi kuma ƙofar ƙarfe ce ta tsare shi sau uku a wasa ɗaya. Mina ya ce ƙarya ne, ƙofar biyu ce, ta ukun dawo da ita ya yi da tsohuwa mai ƙararrawa. Musu ya kaure. Mina ya jawo takarda da biro ya ce, "Khalas, ya isa, a dakatar da wasa. Kowa ya faɗi yadda Nura ya kayar da shi."

Abin da na gani ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Mutum ya rufe ido ya karanto wasan da aka yi wata uku baya, zagaye bayan zagaye: na sa kaza, ya yi shiru, na kai hari, ya buɗe kaza. Na kusa da shi ya gyara masa. Wani ya laluba wayarsa ya samo hoton tebur, aka yi ta buɗa shi ana leƙen gefen wani kati. Ba wanda ya ba da labarin nasararsa, kowa kayen da ya sha yake faɗa, kuma da alfahari.

Ni ma na samu aiki. Da an ambaci kati sai in ce, "Wane launi?" A ce shuɗi, in zaro ɗaurin shuɗi, kafin a ƙifta ido an same shi. Rahila ta dube ni ta ce, "Kai Yaya, ɓarnar ma da tsari ka yi ta."

A bakinsu na ji wani Nura da ban sani ba. Mai haƙuri, wanda zai bar ka ka ɗauka ka ci, sai ya juya kati ɗaya komai ya rushe. Bayan wasa kuma ya zagayo gefenka ya nuna maka inda ka yi kuskure, ko da gobe da kai zai sake karawa. Shekara uku muna ɗaki ɗaya, ni abin da na sani kawai ba ya ninke bargo.

Kafin magariba an mayar da kati goma sha tara cikin ledojinsu, kowanne da shaidu. Saura leda ɗaya a tebur. Usman ya ce kwana biyu kafin rasuwar, Nura ya gaya masa ya cire wani kati ya sa sabo musamman saboda tarkunan Mina, ya ce sai ranar gasa za a gani. Ba wanda ya taɓa karawa da sabon katin, don haka ba wanda zai tuna.

Sai Mina ya juyo gare ni. "Ya ammu, kai ka zare shi daga leda. Kai kaɗai ka gan shi. Mene ne hoton?"

Duk suka zuba mini ido. Na yi iya ƙoƙarina, wallahi na yi.

"Ina jin ja ne," na ce. "Ko ruwan ƙasa."

Na riƙe shi a hannuna, amma gefensa kawai na duba.

Doka ba ta yarda a shiga gasa da ƙasa da ashirin ba. Wasu suka ce a cike da kowane kati mai kyau, wasu suka ce in an yi haka ba dek ɗin Nura ba ne. Aka ce ni ne yayansa, ni zan yanke. Na ce na riga na sa hannu a kayan yaron nan da ka sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ba a shiga gasar da shi ba.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne: ba duk abin da ka gani a cakuɗe ne yake jiran gyaranka ba, kuma in ƙanenka ya ce ka zo ranar Juma'a, ka je. Yanzu ina zuwa kowace Juma'a. Usman ya haɗa mini dek na 'yan koyo, Rahila tana gamawa da ni cikin minti uku ta ce in gaida gida. Ina koyo a hankali, ko wata rana zan kalli tarkunan Mina in hango abin da Nura ya hango. Robobin duk na cire su.

Akwatin yana shagon, a kan tagar da ke kusa da kujerarsa. Kati goma sha tara ne a ciki, leda ta ashirin har yau babu komai a cikinta.