Ranar da Tarkon Kerkeci Ya Kama Ni

Ba zan taɓa mantawa da layyar shekarar korona ba, kuma ko ni na so in manta, matan unguwarmu ta Danau Kota ba za su bari ba. Har yanzu idan aka buga ƙofar ƙarfe kusa da ni sai na zabura na waiga. Amma gara in ba da labarin da bakina, don wanda yake yawo a gari an zuba masa gishiri ya yi yawa.

Lokacin shekarata ɗaya da 'yan watanni a Kuala Lumpur. Maigidana karatu ne ya kawo shi, ni kuma aure ya kawo ni daga Kano, da takardar sakandare da tukwanena. Duk shekara shi yake haɗa wa Hausawan unguwarmu dabbar layya. Yakan sayi awaki tun da wuri, ya ajiye su a gonar wani dattijo ɗan ƙasar da muke kira Pak Cik (kamar dai ka ce Baffa). Gonar tana can bakin gari, inda gidaje suka ƙare, daji ya fara hawa tsauni. A shekarar awaki tara ne, kowanne da sunan mai shi a rataye a wuya.

Sai cutar ta kama maigida, aka kai shi wurin da ake killace mutane. Ni na yi kwanakina a kulle a gida, aka gwada ni, ba komai. Ana saura mako guda sallah Pak Cik ya kira: an kashe awaki biyu. Wai wani mai kuɗi ne a saman tsaunin yake kiwon wasu dabbobi biyu, ruwa biyu ne, rabi kare rabi kerkeci. Rufe iyaka ya rutsa da shi a wata ƙasa, mai ba su abinci ya gudu, su kuma suka fasa shinge suka fito neman na kansu. Ma'aikatan kula da namun daji sun zo sun kafa tarko biyu, amma kwana uku ko ƙadangare bai shiga ba. A rana ta huɗu aka cinye akuya ta uku, ta gidan Anti Hadiza, babbar cikinmu, wadda ba a yi mata musu.

Saura shida ke nan. Amanar mutane ce, ga mai amanar a kwance yana tari.

A nan bakina ya ja mini. Ana ta jajantawa a gurup ɗinmu na mata, sai kawai na danna na tura murya: "Wallahi da a gida ne da tuni an gama. Ni fa jikar mafarauci ce."

Ba ƙarya na yi ba, kakana mafarauci ne. Sai dai ni da tsufansa na san shi, lokacin da farautar ta koma gafiya da zomo a bayan gida. (Ni kuwa ko kyanwar da take kwana a ƙofar lif ɗinmu sai na jira ta tashi don kanta.)

Ko minti ɗaya ba a yi ba Anti Hadiza ta amsa: "To alhamdulillahi, ashe da 'yar gado a cikinmu muke ta kuka. Ƙanwata, gobe sai ki shirya. Takardar izinin fita ta mijinki ai tana gida."

Da na faɗa wa maigida a waya, tari ya sarƙe shi don dariya. "Ke? Ke da kika hau kujera saboda kyankyaso?"

"Yaya, kyankyaso daban, kerkeci daban."

"Gaskiya ne. Shi kyankyaso ba ya cin mutum. Ki je ki duba awakin kawai ki dawo, don Allah."

Washegari bayan azahar na ɗauki kayan cikin saniya da na taɓa sayowa a kasuwar Chow Kit, na kira motar haya, na tafi ina addu'a a cikin takunkumi.

Pak Cik ya kai ni wurin tarkunan, kusa da garken awakin. Keji ne na ƙarfe guda biyu, kowanne tsawon gado, tsayinsa iya ƙuguna, tsakaninsu taku uku. Ƙofar a ɗage take sama, a ƙasa can ciki akwai wani faranti, duk abin da ya taka shi ƙofa ta faɗo. A saman kowanne akwai ɗan akwati mai fitila, wanda ya ce yana tura saƙo wayar ma'aikatan da zarar ƙofa ta rufe. Ina kallo, kafin ya taɓa kejin sai da ya zaro kwalbar man tsabtace hannu ya mutsuke hannuwansa. Da ya gama kuma ya fesa wa ƙarfen, wai don ma'aikata sun taɓa. Na sunkuya na shinshina. Tarkon nan warin asibiti yake yi!

A nan ne abu ɗaya tak da na gada ya faɗo mini. Kaka ba ya wanka da sabulu ranar da zai kafa tarko. Yakan goge tarkon da kashin awaki, ya turara shi da hayaƙin ciyawa, ya ce dabba da hanci take gani. Na yi wa Pak Cik bayani da guntun Turancina da hannuwa da toshe hanci. Ya dube ni, ya dubi tulin kashin awakin, ya ce, "Boleh, boleh," wato za a iya, amma fuskarsa ba ta ce haka ba. Ya ce zai je ya yi la'asar ya sayo mana abinci a kedai, wato shago, in jira shi mu yi tare.

Ban jira ba. So nake ya dawo ya tarar jikar mafarauci ta gama aiki.

Na rataye jakata da waya a bishiya. Na kwaɓa kashin awaki a bokiti, na ɗaura tsumma a sanda, na shafe keji na farko ciki da waje, na rataya kayan ciki, na turara, na lulluɓe shi da ganyen ayaba. Ya yi kyau har na tsaya ina yaba kaina. Na biyun ma haka, na lulluɓe shi tsaf, sai na hango lungu ɗaya can ƙurya da sandar ba ta kai ba. Mai hankali zai bar shi. Ni sai na tattare hijabi na rarrafa ciki.

Gwiwata ce ta taka farantin.

Garam!

Na juya na ga ƙofa a rufe. Na girgiza ta, ko motsi. Ga ni a durƙushe, kashin awaki har gwiwar hannu, tumbin saniya yana lilo a saman kaina yana ɗiga mini a wuya, wayata kuma tana can a bishiya tana ta ƙara. Na kira Pak Cik har muryata ta dushe. Awaki ne kawai suka amsa.

Can sai awakin suka yi tsit. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro.

Ta tsakanin ganye na hango dabbobin nan suna saukowa daga daji, su biyu, masu launin toka, ƙafafu dogaye, idanu kamar ruwan ƙwai. Ba haushi, ba gaggawa. Babban har da abin wuya na fata, irin na karen gidan masu hali. Ya zo ya cusa hancinsa ta cikin ganyen ayaban, numfashinsa mai zafi ya bugi kumatuna. Na fara Ayatul Kursiyyu, ban san inda na saki hanya ba, sai ji na yi ina karanta addu'ar cin abinci. (Ni ce fa abincin.)

Da ya ga ba hanyar shiga, sai ya juya ya nufi garken. Katakon da aka toshe ɓarakar da suka yi jiya da shi bai fi kaurin murfin tukunya ba. Ya sa ƙafa ya fara kankara, awaki suka ɓarke da kuka, ina jin katakon yana ƙara. Wallahi ba jarumta ba ce, fuskar maigida kawai na tuna, yadda zai fito daga killacewa ya bi gida shida yana ba da haƙuri. Na miƙa hannu na fizgo kayan cikin da ke saman kaina, na yage guntu, na zura hannu ta tsakanin ƙarfe na jefa. Ya faɗi a fili. Ya waiwayo. Na sake jefa wani, kusa da bakin ɗaya kejin. Ya bar katakon ya zo ya lashe. Na uku, Allah ya sa ya faɗa ciki.

Ya tsaya a bakin ƙofar yana shinshina. Ba warin asibiti, sai na awaki da hayaƙi. Ya sa kai, ya sa kafaɗa, ya shige.

Garam!

Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Ya yi ta dukan ƙarfe yana gurnani, ƙaramar kuma, macen, ta manta da awaki, ta zo ta kwanta tsakanin kejinsa da nawa tana kuka ƙasa-ƙasa. Haka muka zauna mu uku, kowa da abin da ya dame shi.

Abin da ban sani ba, saƙo ya riga ya tafi: ƙofa ta ɗaya ta rufe, ƙofa ta biyu ta rufe. Ma'aikata sun kira Pak Cik sun ce kada ya koma shi kaɗai, ya jira su a bakin titi. Shi kuma ya ɗauka na gaji na tafi gida. Ya kira maigida, maigida ya sanar da duk unguwa: "An kama duka biyun!" Har ya haɗa kiran bidiyo don masu awaki su gani da idonsu.

Na ji tsayawar mota. Na ji wata 'yar ƙara, fit, allurar barci ta sami macen, ta yi taku biyu ta zube. Sai na ji ma'aikatan suna magana ƙasa-ƙasa, a ruɗe. An ce musu dabbobi biyu ne. Ga ɗaya a waje, ga keji biyu a rufe. To mene ne na ukun?

Ya kamata in yi magana tun a lokacin, na sani. Amma da na dubi jikina, sai na ji gara su tafi da ni a haka a lulluɓe.

Wani ma'aikaci ya matso a hankali, ɗan'uwansa ya saita bindigar allura, Pak Cik yana bayansu ya ɗaga waya sama. Aka sa doguwar sanda aka ɗage ganyen ayaba.

Na ce, "Assalamu alaikum."

Mai bindigar, bawan Allah, ya amsa sallamar cikakkiya kafin ya sauke ta.

Daga cikin wayar na ji muryar maigida: "Pak Cik, matso da ita... Innalillahi. Ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

"Me kike yi a ciki?"

"Aiki nake."

Sai muryar Anti Hadiza ta ratso, har da tafi: "Jama'a ku zo ku ga kerkeci da hijabi! Ƙanwata, shi ma Kakan haka yake shiga ya jira su?" Gida shida suna kallo, har da mazansu. Wani ma cewa ya yi a gyara wayar bai gani sosai ba.

Amma da aka ɗage ganyen ɗaya kejin, abin ya daki ƙarfe ya buɗe baki, dariyar ta ɗauke ɗif. Pak Cik ya dubi katakon garken da aka kankare ya kusa hujewa, ya ƙirga awakinsa da yatsa, shida cif. Ya ɗaga mini babban yatsa. Shugabar ma'aikatan, wata mace mai fara'a, ta tambayi me na shafa wa tarkon, ta rubuta a littafinta, tana toshe hanci da ɗaya hannun.

Awaki shidan nan sun kai ranar sallah lafiya lau, aka yanka su kamar yadda aka yi niyya. (Na san abin da za ku ce. Ni ma na yi wannan tunanin.) Kowane gida sai da ya aiko mini da cinya, har Anti Hadiza da ta rasa tata ta aiko da soyayye daga na maƙwabta.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka fito da ni. Ina jira a kawo makulli ko guduma, sai matar nan ta durƙusa, ta kama hannuna, ta zura shi ta tsakanin ƙarfen, ta ɗora yatsana a kan wata 'yar sakata da ke gefen ƙofar. Na taɓa ta kawai, ƙofa ta saki. Ta ce ba a wahalar da kai wajen ɓoye shi, tunda kerkeci ba shi da yatsu.

Awa biyu na yi a ciki da yatsu goma. Tun daga ranar, duk inda zan sa kaina, sai na fara tambaya ta ina ake fita.