Ranar da Na Kawo Teku Cikin Baho

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na makarantarmu ta Yako ba, ranar da na ce sai na nuna wa jama'a teku a cikin baho.

Ni malami ne, ina kuma karatun digiri na biyu. Bincikena kwaikwayon teku ne a kwamfuta (ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Tiga ba). A teku akwai wuraren da ruwa ke juyawa kamar ana dama kunu. Abin da ka gaya wa kwamfuta game da saman ruwan, ƙarfin iska ne ko zafin rana, shi ke sa juyin nan ya yi ƙarfi ko ya mutu. Da wannan nake cika wa kowa kunne.

To, shugaban makaranta ya ƙudurta mayar da ɗakin gwajin kimiyyarmu sito. Na yi ta magiya, ya ce in na gamsar da iyaye, ɗakin namu ne.

Ranar taron na cika baho, na juya ruwan da muciya, na barbaɗa garin bula. Sai ga zobba shuɗɗa suna kewaya, gwanin sha'awa. Alhaji Sale, shugaban iyayen yara, ya matso cikin farar babbar riga yana leƙe. Nan fa kaina ya kumbura.

"Yanzu ku ga abin da iska ke yi wa saman ruwa," na ce, na kai hannu kan fanka. Lamba ɗaya na nufa, rawar jiki ta sa na murɗa uku. Ledar bular kuwa na bar ta a buɗe a gaban fankar.

Ban ma ga abin da ya sami ruwan ba. Alhaji ya koma shuɗi tun daga hula har ƙirji, gemu ma bai tsira ba. Kunya ta rufe ni, na rarumo jiƙaƙƙen tsumma na hau goge shi (kar ka kuskura ka sa wa bula ruwa), abin ya ƙara kamawa.

"Malam, bari haka," in ji shi. "Dama da bula ake wanke rigar, ka dai yi gaggawa." Ya juya ga shugaban makaranta. "Ku bar musu ɗakin nan. Gara su riƙa yi a ciki da su fito mana da shi waje."

Ɗakin na nan har yau, cike da yara, alhamdu lillahi. Ni kuwa na koyi darasi: kafin ka tambayi abin da iska za ta yi wa teku, fara duba wanda ke tsaye a gabanta.